Yaɓen Bana

Kowace shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas,
Rahila kan aiko jikanta ƙofarmu:
"Wai Baba Tankari ya zo ya duba bango."
Sai in ɗauki cebur da igiyar awo.

Kakana Anaruwa ne ya buga tubalin farko.
Ya ce lokacin Tawa ba ta kai nan ba,
wurin duk kalgo ne da geza,
kura na kuka inda yanzu ake sayar da katin waya.
Su bakwai ne, in ji shi, da jakar da ke ɗauko musu ruwa:
akwai tela ɗan Dahomai, akwai malamin asibiti,
da wani Bature mai ciwon ido
wanda har ya mutu bai iya cewa "ƙwarya" ba.
Tun da aka rufa ɗakin kakana bai shiga ba,
amma in zai wuce sai ya dafa bangon
kamar mai gaida ɗiyar da ta yi aure nesa.

Ƙararrawarsu ƙarfen ƙafar babbar mota ce
rataye a reshen dogon-yaro.
Ita ke gaya mana Lahadi ta yi,
ladaninmu ke gaya musu asuba.
Ba wanda ya taɓa biyan wani ladan tashi.

Rijiyar, gaba goma sha tara.
Shekarar da shanu suka zube a hanyar Abalak
layin mata ya kai har bakin titi.
Guga bai tambayi kowa alƙiblarsa ba.
Uwata ta ce a ƙofar nan ta sami jar dawa,
ina bayanta, ko haƙori ban yi ba.
Fasto Istifanus ya nuna mini littafin,
gara ta ci gefensa:
"Tsahara matar Arzika, tiya biyu."
Da kaina na karanta,
don a rumfar nan na koyi boko,
da dare, da gemuna,
mu goma sha ɗaya a kan fitila ɗaya.

Ɗakin magani yana daga gefe.
Shekara talatin Rahila na rataya jarirai a ma'auni,
tana faɗa da uwayen da suka tsallake allura.
Rabin 'yan kabu-kabun unguwar nan
sun yi mata fitsari a zane.

Akwai ranar da ba mu son tunawa.
Gari ya ɗauki zafi, samari suka zo da galan.
Liman Alkasum ya fito da carbinsa
ya zauna a dokin ƙofa.
Bai yi wa'azi ba.
Kiransu ya dinga yi ɗaya-ɗaya da sunan uwayensu
har galan ya yi musu nauyi.
Taga ɗaya ce ta ƙone. Ni na sa sabuwa.
Kuɗin katako na karɓa, ban da na hannu.

Yanzu benci ya fi mutane yawa.
Wasu na Yamai, wasu na Abijan,
suna aiko kuɗi wai a rushe a yi na siminti.
Ban ce komai ba, ba ɗakina ba ne.

Jiya da na ɓamɓare tsohon yaɓe ta arewa
sai ga shatin hannu a jikin tubali,
yatsu huɗu da rabi.
Gatari ne ya cinye wa kakana rabin, yana yaro.
Na sa nawa a kai. Nasa ya fi girma.

Rahila ta fito da shayi, tana jan ƙafa.
"Zai kai baɗi?"
Na ce a kawo ruwa tukuna,
ƙasar nan ba ta jiƙa ba.