Ta Goma Sha Bakwai

Babana Labaran, a Alabar ta Kumasi,
bayan rumfar masu goro,
yana da tebur mai ƙafa uku,
ta huɗun bulo ce da tsohon kwali.
A kai akwai kamfas, da rula mai tsatsa,
da rezar da yake fiƙe fensir da ita
har bakinsa ya koma ƙayar kifi.

A aji huɗu ya bar boko.
Lissafinsa a hatimin kakana ya tsinto shi:
gida tara, ko ta ina ka bi, goma sha biyar.
Ya ce tun ranar barcinsa bai sake cika ba.

Da almuru yakan ja hannuna zuwa Kejetiya,
lokacin da jemagu ke barin itatuwa.
"Talatu, bar kallon jemagen.
Dubi sararin da ke tsakanin biyu.
Shi ma jemage ne, sai dai fari,
kuma kansa ƙasa."

Wata bakwai yana yankan kwali,
innata na share ɓarɓashi tana mita,
har baƙin jemage ya shige cikin fari
ba ƙofar da allura za ta bi.
Wani kamfanin atamfa a Ankara ya saya
da kuɗin buhun shinkafa da takalmin makarantata.
Matan zango suka yi ankonsa a suna,
suka raɗa masa Maigida Bai Kwana Gida Ba.
Na duba bakin zanen, gaba da baya,
babu Labaran.
Shi ko dariya ya yi, ya ce an karkata fiffike ɗaya.

Wata Laraba wani malamin jami'a, Dakta Boakye,
ya fake wa ruwa a shagonmu.
Ya buɗe kundin Baba, ya daina magana.
Ruwa ya ɗauke, yana nan yana ƙirga.
Can ya ce, da Hausarsa ta kasuwa:
"Hanyoyin maimaita zane a shimfiɗe
goma sha bakwai ne kaf a duniya.
Kai kana da goma sha shida."
Ya zaro biro zai nuna ta ƙarshen.
Baba ya dafe masa hannu:
"Wanda ya tauna maka goro
ya raba ka da ɗacinsa.
Bar mini abata."

Shekara tara yana nemanta.
Yana ta rufe ido, ya koma allo da ƙusa da zare,
yana lalube kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Wani dare ya tashe ni: "Na kama ta!"
Da gari ya waye muka duba,
ta shida ce ta sake riga.

Ranar da aka kai shi, ruwa ya cika kwatar Aboabo.

Yanzu ina Adum, gaban kwamfuta,
ina tsara fostar biki da ta makoki.
Na san da yatsa ɗaya zan iya kiranta,
ta fito a allo kafin shayina ya huce.
Ban kira ba.
Kundin na ƙarƙashin gadona, shafin ƙarshe fari.
Jiya na sayi reza.