Shafi na Sittin

A Lodz dusar ƙanƙara ta rufe layin dogo,
ni kuwa na maƙale a shafi na sittin.
Halszka, mai gyaran agogon da na ƙirƙira,
tana tsaye a tasha tun Talata,
na rasa inda zan kai ta.

Malam Radomir ya ture kofin shayi:
"Tausayinta ya yi maka yawa.
Ƙwace tikitin. Bari jirgin ya wuce."

Na ƙwace. Ta yi ta zagina, shafi ashirin cur.

"To, ƙarshen fa?"
"Makullin da ta yar a shafi na tara,
wa ya tsinta?"

Da tsakar dare na koma laluben takardu.
Ga shi ƙarƙashin benci,
sanyi ƙalau,
yana jirana tun Satumba.