Allon Makullai

Ƙusa arba'in da biyu ke jikin allon.
Ni na buga su da hannuna,
shekarar da Alhaji Abarshi ya buɗe parkinsa a hanyar Filinge.
Kowace ƙusa da makullinta.
In iska ta shigo ofis sai su kama hira,
ƙarfe na yi wa ƙarfe raɗa.

Ni ne mai wanki.
Bokiti, soso, da tsumman wata tsohuwar riga.
Mota ta iso daga Kwatano da jar ƙasa har cikin kunne,
in yi mata wankan baƙunta.
Ƙarƙashin kujeru na sha tsintuwa:
safar hannun yaro, wari ɗaya,
kwabon da ba ya sayen ko ƙosai a Yamai,
hoton wata tsohuwa rungume da karenta.

Abin bai zo rana ɗaya ba.
Da fari masu saye suka koma masu tayi,
masu tayi suka koma masu kallo.
Wani malamin lakwal ya yi wata bakwai yana zuwa
ya shafa bayan wata farar Toyota,
ya ce, sai albashi ya daidaita.
Daga baya na hango shi a kan kabu-kabu,
ya kau da kai.

Farashin da muka rubuta da alli a gilashi,
in goge, Illa ya rage, in goge, Illa ya rage,
har gilashin ya gaji da mu.
Kullum da safe mu tada injuna don kada batir ya mutu,
motoci talatin na ruri, ba inda za su,
kamar shanun da aka ɗaure a bakin rijiya ba guga.
Da esansi ya fi ƙarfinmu muka bar su suka yi shiru.
Tayoyi suka durƙusa.
Wata kaza ta yi ƙwai tara a ƙarƙashin Pijo,
ita kaɗai ta ci riba a daminar nan.

Parkin Ɗan Tawa ya rufe, yanzu ana saida bulo.
Na Sumana ya zama wurin ajiyar albasa.
Sauran uku, har da namu, Alkasum ya haɗiye,
ya kafa allo ɗaya mai fitila a bakin gudrono.
Babban kifi ba ya neman izini a gulbi.

Ranar kwasa, Alhaji ya zo da babbar riga mai sitati.
Ya riƙa zare makullai ɗaya bayan ɗaya,
yana kiran kowace mota da sunan da muka laƙa mata:
Amarya, Mai Tari, Ƴar Beljik, Ba Ki Da Laifi.
Bai yi kuka ba.
Ya dai tambaye ni, har sau biyu, ko na ci abinci.

Tsahara mai dambu ta ɗauke tukunyarta zuwa Wadata.
Jikka huɗu take bin Illa, ta ce ta yafe,
ta faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

An ce Alhaji na da kujera yanzu a wurin Alkasum,
ta roba, kusa da ƙofa.
Shi ke tarbar baƙi, wani ke ƙirga kuɗi.
Masu wanki kuwa suna da nasu, da injin feshi.

Jiya na bi ta wurin.
Fili fetal, sai tabon baƙin mai a ƙasa, layi-layi,
kowace mota ta bar inuwarta ta tafi.
Na san wadda ta kwana a kan kowane tabo.

Allon yana ɗakina.
Ba wanda ya saye shi, ba wanda ya hana ni.
Na rataya hula a ƙusa ta farko,
soso a ta biyu.
Saura arba'in.