Goggo Lantana Ta Dawo Daga Garin Ruwa

Wata uku ta yi a Amsterdam, wajen jegon 'yarta.
Da safe muka kewaye tukunyar wakenta a Nima.

Ta ce, "Garin nan ruwa ne titinsa.
Na shiga jirgi mai rufin gilashi,
muka bi ƙarƙashin gadoji,
na ƙirga goma sha bakwai, na gaji.
Gidaje sirara sun jingina da juna
kamar tsofaffi a sahun asuba.
Kekuna kuwa sun fi tururuwa,
wata sa'ata ta kusa kaɗe ni, ko sannu.

"A ƙauye na ga fanka, tsawon bene,
tana ta juyi, alhali kowa sanyi yake ji.
Shanu a ciyawa, babu makiyayi.
Gona guda furanni zalla, ja da rawaya, iyakar ganinka.
Na ce, to, me za a ci?"

Sai ta dubi babban kwalbatin unguwa
yana jan robobi zuwa teku.
"Mu ma muna da ruwan," in ji ta.

Ta yanko mini cuku mai jan ɓawo.
Ita dai bai yi mata ba.