Faranti na Arba'in da Ɗaya

A Wad Madani, bayan tsohon sito na maganin ƙwarin auduga,
akwai ƙasar da ko tsidau ya ƙi ta.
Gangunan sun yi tsatsa tun ba a haifi Ishraga ba,
suka tsiyaye, ƙasa ta shanye.

Can na aike ta da cokali da kwalba.
Na ce, ɗebo inda ya fi wari.
Abin da ya rayu cikin dafi
ya riga mu sanin lagonsa.

Muka tsinci wata 'yar bakteriya
mai lasar guba kamar baƙuwa a gidan surukai,
kaɗan-kaɗan, da kunya.
Aikinmu mu cire mata kunyar:
mu farke zaren gadonta, mu jona wani guntu,
ɗinkin da ido bai taɓa gani ba.

Faranti arba'in suka mutu a hannun Ishraga.
Na sha bakwai fumfuna ta cinye.
Na talatin, aka ɗauke wuta kwana biyu,
Mu'utasim ya yi ta jigilar ƙanƙara a raksha
har rigarsa ta jiƙe,
bai hana ba.

Ta ce, Dakta, zan koma Hasahisa in koyar a firamare.
Ban yi mata wa'azi ba.
Na jawo durowa, na miƙa mata littafin gwajina
na lokacin da gemuna yake baƙi,
shafi bayan shafi, da jan biro:
bai yi ba. Bai yi ba. Ban san dalili ba.
Muka sha jabana wajen Awadiya,
citta ta yi yawa,
ba wanda ya ce uffan.

Wata Laraba ta kwaɗa min kira
ban gama jingine kekena ba.
Tsakiyar farantin, da'ira tangaran,
faɗinta bai kai farcen jariri ba.
An cinye gubar wurin.

Na ce, maimaita sau uku.
Ta harare ni. Ta maimaita sau biyar.

Har yau ba mu kai ta bayan sito ba.
Wanda ya ƙera baki, sai ya ƙera masa linzami,
kuma linzamin ya fi wuya.
Ƙasar tana nan da warinta.

Jiya Ishraga ta dawo min da lissafina,
ta zagaye layi na huɗu da jan biro.
Na duba sau biyu.
Gaskiyarta.