Gida Bakwai a Takarda

Daga Kaduna muka taso bayan asuba,
mu biyar a motar da ƙofar bayanta
ba ta buɗuwa sai ta waje.
Inna a gaba, jaka a cinya,
cikin jakar akwai takarda da ajami:
gida bakwai,
kowanne da ledar tsarabarsa a but.

Ramlatu ta ce, "Baba, ka yi alkawarin Kufena."
Na ce, "In mun gama gaishe-gaishe."
Rakiya ta yi murmushi, ta dubi taga.
Ita ta san gaisuwar Zazzau.

Ta Ƙofar Doka muka shiga.
Can gaba Inna ta sa na rage gudu,
ta nuna tudun jar ƙasa, awaki biyu a kansa.
"Ganuwa ke nan. Muna yara sai mun ɗaga kai."
Mudi ya ce shi zai iya tsallake ta.
Ta ce, "Damina ta riga ka."

Kwarbai, gidan Goggo Uwani:
waina da miyar taushe.
Muka ce a ƙoshe muke,
ta ce ƙoshin hanya ba ƙoshi ba ne,
ta ƙaro kwano.
A Jushi an yi haihuwa ba mu ji ba,
Rakiya ta shiga lalube a jaka, neman kuɗin sabulu.
A Tudun Wada kwaɗo muka tarar a ƙofa.
Maƙwabciya ta karɓi leda, ta ba mu ruwan randa,
ta riƙe mu rabin awa
da tarihin ciwon gwiwarta.

La'asar ta cim mana a lungun da mota ba ta shiga.
Muka taka, muna tsallake kwata.
Zauren yana nan, an dai shafe shi da siminti.
A tsakar gida, gindin bedi,
wata tsohuwa kan tabarma,
idanunta a buɗe, ba sa kallon kowa.

Inna ba ta faɗi sunanta ba.
Ta zauna, ta kama hannun,
ta ce, "Ina mazarina da kika ara?"

Shiru.
Kaza ta wuce.

"Dije!
Ja'ira, ba ke kika karya shi ba?"

Shekara talatin da ɗaya.
Suka yi dariya har tari ya sarƙe su,
suka shiga ƙirgar mutane,
wane yana nan, wance ta riga mu,
wane fa? Shi ma.
Na dubi agogo sau ɗaya,
na ji kunya, na sa hannun a aljihu.

Kufena mun same shi rana na shirin faɗuwa.
Ba mu hau ba.
A bakin hanya muka tsaya wajen Wusasa,
dutsen ya yi zaune kamar giwar da ta gaji,
bayansa ja, gabansa duhu.
Ramlatu ta tura baki,
na saya mata rake gaɓa uku, ta sassauta.
Hoton da Mudi ya ɗauka
ba a ganin kowa sai haƙoranmu.

A Kwangila na tuna da but:
leda uku ba su sauka ba,
Samaru, Gyallesu, Sabon Gari.
Na ce, "Inna, mun yi bashi."
Ta ninke takardar gida huɗu, ta mayar jaka.
"Bar su. Mai gama zumunci rana ɗaya
ba shi da niyyar komawa."

Kafin Jaji duk sun yi barci.
Fitilun manyan motoci suna wanke fuskarta suna wucewa,
hannunta a dunƙule kan cinya,
da ɓarin goron da Lantana ta raba musu.
Ba ta ci ba.