Teburin Caji a Ƙofar Marusa

Teburina na nan Ƙofar Marusa,
bakin kwalbati, daura da mai faci.
Soket arba'in, janareta ɗaya mai tari,
da littafin bashi da ya fi ni ƙiba.

Bara war haka ba ka samun wurin tsayawa.
Tun kafin rana ta leƙo samari sun cika benci,
kowa da waya biyu, wani ukku,
yatsa na sarar gilashi kamar kaza ta samu tsaba.
Wai wasa ne, amma wasan da ke biya:
ka danna, ka danna, sulalla su taru a allo,
ran da ta fashe kowa ya huta.

Nazifi ya rufe keken ɗinkinsa da buhu,
yadin mutane jibge a shago.
Ya nuna mani miliyan tamanin a waya,
sifili jere kamar ƙwai a kiret,
sannan ya rage murya:
rubuta mani ɗari biyu, sai ta fashe.

Kada in yi ƙarya, wasu sun ci.
Badamasi ya shiga tun ba a san abin ba,
ya fito da babur sabo, ko leda bai cire ba.
Babur ɗin nan ya fi kowane mai shela aiki,
duk layin da ya ratsa sai an samu sabon shiga.

Wata Laraba Gwaggo Tasalla ta kawo 'yar wayarta mai tocila.
Shekara talatin tana riƙon adashin matan layinmu,
ko sisi bai taɓa yin ƙafa a hannunta ba.
Ta daɗe tana kallon yatsun nan.
Ta ce, 'yan nan, wa ke zubi?
Suka ce babu zubi, Gwaggo, kwasa kawai.
Ta ce to kuɗin wa ake kwasa?
Nazifi ya ce masu shigowa daga baya za su saya.
Ta ce su kuma wa zai saya a hannunsu?
Aka yi dariya.
Ta ƙulle canjinta a bakin zane ta wuce.

Ta fashe ranar Alhamis, bayan la'asar.
Ban taɓa jin bencina ya yi shiru haka ba.
Kowa ya fito da kayansa lokaci guda,
kamar tumatirin Ɗanja a tsakiyar kaka,
kwando kan kwando, ba mai tayi.
Farashi na gangarowa muna kallo.
Wata bakwai na Nazifi,
barcin da bai yi ba, ɗinkin da ya wuce shi,
suka tashi dubu huɗu da ɗari ukku.
Kuɗin data kaɗai ya ninka haka sau goma.

Ni ma na danna, in dai gaskiya za a faɗa,
da dare, bayan na kashe janareta.
Nawa bai kai kuɗin galan ɗaya ba.

Na zauna na yi lissafin wanda ya ci.
Mai sayar da data ya ci.
Mai manna gilashi ya ci.
Waɗanda suka tara idanunmu suka sayar wa masu talla,
su ba mu ma san kamanninsu ba.
Ni kuwa ribata tana cikin littafi,
shafi goma sha ɗaya, duk sai ta fashe.

Nazifi ya cire buhu, keke ya koma kuka.
Gwaggo na nan, ran Juma'a mata na zubi.

Shekaranjiya ƙanen Nazifi ya zo da wani sabo,
ya rantse wannan ba irin wancan ba ne.
Ban ce mashi komai ba.
Na ƙara soket goma,
na rubuta a kwali da gawayi: ba bashi.